Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Zane Da Waya Launinsa Ya Fito Yadda Yake



Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton zanen fenti da waya ya san wannan takaicin. Ka shafe mako biyu kana aiki, ka yi ta haɗa shuɗin nan mai duhu irin na baba har ya zauna yadda kake so, kana ɗaga waya ka ɗauka sai ka ga shuɗin ya koma shunayya, farin ya yi rawaya, jan kuma ya yi jawur kamar an ƙara masa fenti. Idan don ajiyewa ne kawai, da sauƙi. Amma idan mai saye ne a Abuja ko Legas zai tura kuɗi bisa abin da ya gani a WhatsApp, ko kuwa ɗalibi ne zai aika hotunan ayyukansa don neman gurbin karatu ko shiga gasa, to magana ta girma. Ranar da zanen ya isa hannun mai saye ya ga ba kalar da ya biya kuɗi a kai ba ce, kai zai tuhuma, ba wayarka ba.

Matsalar ba ta bar manya ba ma. Gidan adana kayan tarihi na Rijksmuseum da ke birnin Amsterdam a ƙasar Holan yana da wani shahararren zane na Johannes Vermeer, na wata mata tana tsiyaya madara, wanda ya haura shekara 350. Da ma'aikatan gidan suka bincika intanet sai suka tarar da kwafin hotonsa fiye da 10,000, akasarinsu marasa kyau kuma sun rine zuwa rawaya. Abin ya kai ga mutane ba sa yarda cewa katunan da ake sayarwa a shagon gidan su ne ke nuna ainihin kalar zanen, saboda idonsu ya saba da mai rawayar. Wannan na cikin dalilan da suka sa gidan ya saki nasa hoton mai inganci a intanet kyauta.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne: waya ba ta san kalar zanenka ba, hasashe take yi. Duk abin da za mu yi bayani a ƙasa hanyoyi ne na rage mata wannan hasashen.

Me ya sa waya take canza launi?

Wurare uku launi ke ɓacewa: a hasken da ya faɗa kan zanen, a cikin kyamara, sai kuma a sikirin ɗin da ake kallon hoton.

Mu fara da haske. Fenti ba ya fitar da launi da kansa, hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa. Shi kuma haske yana da tasa kalar, ana auna ta da ma'aunin Kelvin, wanda ake taƙaitawa da harafin K. Kyandir yana kusan 1,900K, tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki kusan 2,700K, hasken rana tsaka kusan 5,500K, ranar da gari ya yi hadari kuma kusan 6,500K. Ƙaramar lamba tana nufin haske mai ja da rawaya, babbar lamba kuma haske mai shuɗi.

Mu ba ma lura da wannan sosai domin ƙwaƙwalwa tana gyara mana. Farar takarda fara ce a idonka ko a tsakar gida ko a gaban kyandir. Amma ita ma ƙwaƙwalwar takan ruɗe. Masu bibiyar intanet za su tuna hoton rigar nan da ya karaɗe duniya a watan Fabrairun 2015, wasu suna rantsuwa fara ce da ruwan gwal, wasu suna cewa shuɗiya ce da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi. Saɓanin ya samo asali ne daga yadda ƙwaƙwalwar kowa ta ƙiyasta irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki.

Ita kyamara da lissafi take nata gyaran, shi ne abin da ake kira daidaiton fari, wanda za ka ga alamarsa WB a cikin saiti. Tana duba duk abin da ke gabanta ta ƙiyasta kalar hasken, sannan ta cire ta. Wannan yana aiki a hoton biki ko na titi inda kaloli suka gauraya. Amma idan ka cika mata ido da zanen faɗuwar rana wanda duk ja ne da ruwan lemo, sai ta ɗauka hasken ne ya yi ja, ta ƙara shuɗi don ta gyara. Ka ga ta ɓata abin da ka yi da gangan.

Bayan haka akwai kwalliyar da waya take yi wa kowane hoto ba tare da ta tambaye ka ba. Kamfanonin waya sun san abin da mutane suka fi ɗauka: fuska, abinci, sararin sama. Don haka suke saita kyamara ta ƙara wa kaloli ƙarfi, ta haskaka wuraren duhu, ta kaifafa gefuna. Kamfanin Transsion mai Tecno, Infinix da itel ma ya yi suna ne da saita kyamarorinsa don su fito da baƙar fata da kyau. Wannan abu ne mai kyau ga hoton mutum, amma shi zane ba kwalliya yake buƙata ba, an riga an gama masa ita da buroshi.

Mataki na farko: gyara haske

Idan haske ya lalace tun farko, babu manhajar da za ta dawo maka da launin daidai. A nan ne mafi yawan aikin yake.

Hasken da ya fi sauƙin samu kuma ya fi cika shi ne na rana, amma ba rana kai tsaye ba. Nemi inuwa mai faɗi wadda sama take buɗe a gabanta, ko ɗaki mai babbar taga da rana ba ta shigowa ta cikinta a lokacin. Shafukan Turawa sukan ce a yi amfani da tagar da ke kallon arewa, domin a can rana kullum ta kudu take bi. Mu a nan ba haka abin yake kullum ba. A gari kamar Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana tana karkata ta arewa ne. Don haka kar ka damu da sunan kusurwa, ka duba dai ko rana na dukan tagar.

Ka yi aikin tsakanin hantsi zuwa kafin la'asar. Da sassafe da kuma dab da magariba haske yakan yi ja, kuma yana sauyawa cikin 'yan mintuna. Haka ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ƙurar da ke sama tana rina hasken zuwa ruwan ƙasa.

Sannan ka kalli abin da ke kewaye da zanen, domin duk abu mai launi yana watsa launinsa. Bango mai koren fenti, inuwar bishiyar darbejiya, jar ƙasar tsakar gida, labule, har rigar da ke jikinka. Idan ka tsaya gaban zane mai sheƙi da jar riga, za ka ga ja a hoton. Sa baƙar riga ko mai ruwan toka, ka shimfiɗa farin ƙyalle ko baƙi a ƙasa idan ƙasar mai launi ce.

Kada ka haɗa haske iri biyu. Idan taga kake amfani da ita, kashe ƙwan ɗaki. Idan ƙwai ne, rufe taga. Kyamara iri ɗaya kawai take iya gyarawa a lokaci guda. In ka haɗa, gefe ɗaya na zanen zai yi shuɗi, ɗayan ya yi rawaya, kuma gyara ɗaya ɓata ɗayan ne.

Idan da fitila za ka yi aiki

Sami ƙwai biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, ƙarfi ɗaya. Duba kwalinsu ka nemi lambobi biyu. Ta farko Kelvin, ka zaɓi 5,000K zuwa 5,500K. Ta biyu ita ce CRI, wadda take nuna yadda ƙwai ke fito da kaloli idan aka kwatanta da haske na asali, kuma iyakarta 100. Ƙwayayen LED na gida da yawa suna kusan 80 ne. Don hoton zane ka nemi 95 ko sama.

Dalilin shi ne yadda ake ƙera farin LED. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin ƙwai mai shuɗin haske, an lulluɓe shi da wani sinadari mai mayar da sashen hasken rawaya, haɗuwarsu ce ido ke gani fari. A masu araha, ja mai zurfi yana da ƙaranci a cikin wannan hasken. Abin da babu shi a haske kuwa fenti ba zai iya mayar da shi ba, shi ya sa jan zane da fatar mutum suke fitowa a mace a ƙarƙashinsu. Idan ka ga an rubuta R9 a kwalin, wannan shi ne ma'aunin jan, kuma ba ya cikin lissafin CRI na yau da kullum. Mai babbar lamba ya fi.

Ajiye fitila ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace tana fuskantar zanen a karkace, kusan digiri 45, nisansu da zanen ɗaya, tsayinsu daidai tsakiyarsa. A wannan karkatar, ƙyallin da ke tashi daga fenti yana wucewa gefe maimakon ya dawo cikin kyamara. Ga gwaji mai sauƙi: tsayar da fensir a tsaye dab da tsakiyar zanen ba tare da ya taɓa fentin ba. Za ka ga inuwa biyu. Idan tsawonsu da duhunsu ɗaya ne, fitilunka sun daidaita.

Filashar waya kam a kashe ta. Tana dab da gilashin kyamara, don haka haskenta yana dukan zanen ya dawo kai tsaye, ya bar farin tabo a tsakiya. Ita ma fitilar nan mai zagaye ta masu TikTok matsalarta ke nan idan aka sa waya a tsakiyarta.

Zanen fentin mai da wanda aka shafa wa banish sun fi wahala saboda sheƙi. Wannan sheƙin ba tabo kawai yake bari ba, yana wanke launi, baƙi ya koma toka-toka. Akwai ɗan gilashi da ake maƙalawa a kyamarar waya mai suna CPL, kana juya shi a hankali za ka ga ƙyallin yana raguwa. Idan kuma zanen yana cikin firam mai gilashi, cire shi in da hali. Mafi sauƙi ga mai zane shi ne ya ɗauki hoton aikinsa kafin ya shafa banish.

Mataki na biyu: ba wa kyamara shaida

Wannan shi ne sirrin da gidajen tarihi da masu buga littattafan zane suke amfani da shi. Suna ajiye wani abu da aka riga aka san ainihin launinsa a gefen zanen, su ɗauke su tare.

Mafi sauƙi shi ne katin ruwan toka na masu hoto, wanda yake mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, kuma ba ya karkata ga kowace kala. Tunda ka san katin ruwan toka ne tsantsa, duk wani rawaya ko shuɗi da ka gani a jikinsa cikin hoto daga haske ya zo. Kana cire shi daga katin, ka cire shi daga zanen gaba ɗaya.

Ƙwararru suna amfani da wanda ya fi wannan, wato ColorChecker, allo mai murabba'ai 24 na kaloli daban-daban da aka fara fitarwa a 1976. Layinsa na ƙasa murabba'ai shida ne daga fari zuwa baƙi. Yana da tsada, amma ga wanda hoton zane sana'arsa ce, ya cancanci kuɗinsa.

Idan ba ka da ko ɗaya fa? Mutane sukan ɗauki farar takardar A4. Ta fi babu, amma ka san aibinta: ana zuba mata sinadarin da ke sa ta ƙara haske, wanda yake sa ta ɗan yi shuɗi musamman a hasken rana. Idan ka gaya wa manhaja cewa wannan ne fari, za ta ƙara rawaya a hoton duka. Wata dabara da masu hoto ke yi ita ce su naɗe farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo a jikin ɗan kwali, ninki da yawa har ƙasan ya daina nunawa. Farinsa ya fi na takarda tsayawa a tsakiya.

Ajiye katin a gefen zanen, yana fuskantar inda zanen ke fuskanta, haske ɗaya yana dukansu. Daga baya za ka yanke shi.

Mataki na uku: saita kyamara

Fara da goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto ya yi hazo.

Jingina zanen a tsaye ko ka rataye shi, ka ɗora wayar a kan mariƙi mai ƙafa uku, ko ka tokare ta da littattafai a kan tebur. Kyamarar ta kasance daidai tsakiyar zanen, bayan wayar kuma ya yi daidai da fuskarsa. Kunna layukan nan da ke raba sikirin gida tara don ka ga ko gefunan sun miƙe. Yi amfani da babbar kyamara ta 1x, kar ka taɓa 0.5x domin tana lanƙwasa gefuna. Ka ɗan ja baya ka bar fili a kewaye, saboda gefen hoto ya fi tsakiya duhu.

Kashe duk abin da ke yi wa hoto kwalliya: tacewar kala, gyaran fuska, yanayin dare, da HDR idan wayarka ta ba da dama. A Samsung kashe Scene optimiser. A Tecno da Infinix fita daga AI CAM. A iPhone 13 zuwa sama ka tabbata Photographic Styles yana kan Standard.

Idan wayarka tana da yanayin Pro, shiga can. Sa ISO a mafi ƙanƙantar lamba, 50 ko 100. Cire WB daga kan na atomatik ka sa lambar da ta dace da haskenka, misali 5,000K idan ita ce a kwalin ƙwanka. Amfanin hakan shi ne duk hotunan da za ka ɗauka a zaman za su zo iri ɗaya. Idan babu Pro a wayar Android ɗinka, manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana buɗe irin waɗannan saituka a wayoyi da yawa.

Kula da yawan hasken hoton ma. Kyamara tana son mayar da komai tsaka-tsaki, don haka takan haskaka zane mai duhu fiye da kima, ta kuma dusashe mai fari. Taɓa kan katin ruwan tokar don ta auna daga nan. A iPhone idan ka danna ka riƙe za ka ga AE/AF LOCK ya fito, alamar ta kulle. Idan kana amfani da fitila ka ga ratsi-ratsi a hoto, ƙyaftawar wutar lantarki ce, wadda a Najeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/25 sai su ɓace.

In wayarka tana ɗaukar RAW, kunna shi. Wannan fayil ne mai ƙarewa da DNG wanda yake adana bayanan da kyamara ta karɓa kafin a gama sarrafa su, shi ya sa za ka iya sauya daidaiton fari daga baya ba tare da hoton ya lalace ba. Apple ta kawo ProRAW tun daga iPhone 12 Pro a ƙarshen 2020, manyan wayoyin Samsung kuma suna da Expert RAW. Daga ƙarshe sa agogon daƙiƙa uku ko fiye don kada taɓawar hannunka ta girgiza wayar.

Mataki na huɗu: gyara kaɗan

Buɗe hoton a Lightroom ko Snapseed. Dukansu suna da wata 'yar alama mai kama da abin ɗiga maganin ido a sashen daidaiton fari. Zaɓe ta ka ɗora a kan katin. Nan take rinin da haske ya yi zai fita. Idan kana da manhajar da ke nuna lambobin launi, duba katin: ja, kore da shuɗi su zama kusan ɗaya. Katin kashi 18 yakan ba da kusan 118 a kowanne idan hasken hoton ya yi daidai.

Bayan haka miƙar da gefuna, yanke katin da bango, ka tsaya. Kada ka taɓa maɓallin ƙara ƙarfin kala ko na gyaran atomatik. Idan zane goma ka ɗauka a haske ɗaya, kwafi saitin na farko ka liƙa wa sauran.

Mataki na biyar: kada ka yarda da sikirin ɗinka haka kawai

An ce ido ba mudu ba, ya san kima. Gaskiya ne, amma sai idan abin da yake kallo bai yaudare shi ba. Kafin ka yanke hukunci, kashe True Tone da Night Shift a iPhone. A Android kashe yanayin kare ido, mai sa sikirin ya yi rawaya. Wayoyi da yawa suna zuwa da sikirin a kan Vivid, wanda yake ƙara wa kowace kala ƙarfi, ka mayar da shi Natural. Sa hasken sikirin a tsakiya, ka tsaya kusa da zanen a cikin hasken da ka ɗauke shi, sannan ka kwatanta.

Wajen fitar da hoton, zaɓi JPEG da tsarin launi na sRGB. Kamfanonin HP da Microsoft ne suka samar da shi a 1996, kuma har yanzu shi ne wanda kusan kowace waya da kwamfuta suke fahimta. iPhone tun daga 7 tana ɗauka da tsari mai faɗi da ake kira Display P3, wanda manhajar da ba ta gane shi ba takan nuna shi a dusashe. Idan ta WhatsApp za ka tura wa mai saye ko mai buga hoto, tura shi a matsayin fayil maimakon hoto, don kada a matse shi.

Inda waya take tsayawa

Ko ka bi duk waɗannan, akwai kalolin da ba za su fito daidai ba. Kyamara tana gani ne ta matatan launi uku, ja, kore da shuɗi, kuma yadda suke karɓar haske ba daidai yake da na idon mutum ba. Wasu shuɗayen fenti, irin su kobal, suna mayar da wani ja mai nisa da ido bai cika kamawa ba amma kyamara tana kamawa, shi ya sa suke karkata zuwa shunayya. Wannan kana iya gyara shi a sashen Lightroom da ke ba ka damar taɓa kala ɗaya ita kaɗai, kana kallon zanen kana matsawa kaɗan-kaɗan. Fenti mai walƙiya irin na rigar 'yan sandan hanya da ruwan gwal kuwa, sikirin ba shi da yadda zai nuna su cikakke.

A irin wannan, faɗa wa mai saye gaskiya. Tura masa hoton da ka gyara, ka haɗa da ɗan gajeren bidiyo a hasken rana kana karkata zanen, ka gaya masa wace kala ce ta fi ƙarfi a zahiri. Ka kuma ajiye hoton asali mai katin a jiki. Idan gardama ta taso, ko bayan shekaru kana son buga kwafin zanen da ya riga ya bar hannunka, shi ne abin da za ka koma gare shi.

Gwada yau da zane ɗaya: ɗauki hoto yadda ka saba, sannan ka fitar da shi inuwa, ka sa kati a gefe, ka kashe kwalliyar kyamara ka sake ɗauka. Jera hotunan biyu kusa da zanen ka gani da idonka.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.